Yinin Yom Kippur a majami'ar Yahudawa ta Landan

Wani abokin karatuna Bayahude ne ya ce in dai ina son ganin ibadarsu da idona, in bari sai Yom Kippur, babbar ranarsu ta azumi da tuba, 10 ga watan Tishri a lissafinsu, wanda ke faɗowa a Satumba ko Oktoba. Tun da wuri ya ba da sunana, don ranar ba a shiga haka kawai. Masu gadi na ƙofa suna bincika jakar kowa. Ban ga laifinsu ba. A 2019, a irin wannan rana, wani ɗan bindiga ya nemi kutsawa majami'ar Halle a Jamus, da ƙofa ta gagare shi sai ya kashe mutum biyu a unguwar.

Hular da nake zuwa Juma'a da ita na sa, ba wanda ya ce in canza, abin da ake so dai kai ya zama a rufe. Maza na ƙasa, mata na bene. Da yawa sun sa fararen kaya, amma a ƙafa sai takalman roba da na yadi, domin ranar ba a sa na fata. Azuminsu wajen awa 25 ne, ba ci ba sha, daga faɗuwar rana zuwa duhun washegari. Nan na tuna hadisin Ashura, da Manzon Allah (SAW) ya iske Yahudawan Madina suna azumi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tuba. Kowa a tsaye, yana ɗan dukan ƙirji da dunƙulallen hannu, ana jero laifuffuka da Ibrananci, kuma duk da "mu" ake faɗa: mun ci amana, mun yi gulma, mun yi ƙwace. Wani dattijo kusa da ni, hannunsa na rawa, bai tsallake ko ɗaya ba. Abokina ya raɗa min cewa a koyarwarsu wannan rana ba ta kankare haƙƙin mutum sai ka je ka nemi yafiyarsa. Ashe dalilin da ya bugo min waya a makon ke nan, kan wani ɗan saɓani da ni har na manta.

Da rana ta yi sai ga wasu sun faɗi da fuska a ƙasa, sujada sak. Da la'asar aka karanta labarin Annabi Yunusa. A sahun baya kuwa hira ake ta yi ƙasa-ƙasa, ɗan Adam ke nan. Da duhu ya shiga aka busa ƙahon rago da dogon numfashi, aka watse shan ruwa.

Wanda zai je, ya ci abincinsa tun a gida, kada ya fito da gorar ruwa gaban masu azumi. Waya a kashe, hoto kuwa babu shi sam. Ya zauna kusa da wanda zai riƙa nuna masa shafin da ake karantawa a littafin addu'a, in an buɗe ma'ajiyar Attaura ya miƙe tare da jama'a. In ƙafa ta gaji ya fita ya huta ya dawo, su ma haka suke yi.