Asabar a Panteka kan maganar ɗaki mai taya

Toh yau kam na gaji wlh, ƙafafuna har yanzu zogi suke, amma bari in rubuta kafin lissafin ya zube min daga kai, dan takardar da na yi shi a kai ma duk ta sha baƙin mai.

Tunda na dawo daga asuba ban koma barci ba. Sanyin hunturun nan ya sauko sosai, hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layinmu. Na sha shayi na ɗauki littafin mota na fita, uwargida tana ta min dariya wai mutum da gidansa da gadonsa zai je ya sa a ƙera masa akurki ya ringa ja a bayan mota. Na ce mata in kika ga kanki a bakin ruwan Wikki ana soya miki ƙwai za ki janye maganar nan. Shekara biyu kenan ina wannan mafarkin, tun zuwanmu Yankari da muka ga wasu Turawa da ƙaramar tirela a bayan motarsu, ciki da katifa da ɗan firiji da komai, ba ruwansu da neman ɗaki ba ruwansu da jiran a kawo wuta.

Na biya Kawo na ɗauki ƙanena tunda shi ne ya san harkar sola, muka wuce tsohuwar Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna. Wanda bai taɓa shiga wurin nan ba ba zai gane ba, ƙarar guduma ta ko'ina, tartsatsin walda, yara na jan ƙarafa, kuma duk abinda ka kwatanta musu da hannu sai su ce kawo kuɗi kawai. Dattijon da aka haɗa ni da shi yana zaune kan benci yana cin goro, na gaishe shi na nuna masa hotuna a waya. Wanda na fi so babba ne, mai gado biyu da wurin wanka, mutum zai iya miƙewa tsaye a ciki. Ya kalla ya kalla sannan ya ce "Alhaji wace mota ce za ta ja wannan?" Na nuna masa Corolla ta 2010 da na faka can gefe. Dariyar da ya yi sai da goron ya kusa shaƙe shi. Ya ce "Ai wannan ita za ta ja motar, ba motar ce za ta ja ta ba."

Gaskiyarsa ce kuma, dan littafin motar da na taho da shi, tunda 'yar Amurka ce, ya rubuta nauyin da za ta iya ja fam 1,500 ne, wato wajen kilo 680 kenan, kuma wannan fa har da kayan da za ka loda a ciki. Nan babbar ta fita daga lissafi. Muka dawo kan ƙaramar, irin mai ƙirar ɗigon ruwa, gaba da tudu baya ya zube, ciki katifa ce kawai ta mutum biyu, sai a baya a ɗaga murfi a samu wurin girki. Ya ce zai yi gindin da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, jikin kuma filawud a lulluɓe da almuniyom, in Allah ya yarda ba za ta wuce kilo 400 ba. Sifirin kuma na tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura zai sa, irin waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kakuri, wai ko a ƙauyen da ba likita in ya karye za ka samu wani. Wannan maganar ta shige ni, dan abinda nake tsoro kenan, ka sayo kaya ɗan waje mai kyau ya lalace maka tsakanin Pambegua da Saminaka ka rasa mai ko kallonsa. Ya kuma ce a sa taya daidai da ta motata saboda safaya ɗaya ta ishe su duka, sannan ya ja min kunne kan lodi, kaya masu nauyi su zauna saman aksul ko ɗan gaba kaɗan, kaman kashi 10 cikin 100 na nauyin ya danne kan ƙugiyar da ke haɗe da mota, in nauyi ya koma baya tirela za ta ringa wutsil-wutsil da kai a kan titi kaman wutsiyar kare.

Kilo 280 kenan ya rage min na kaya. Da jin lambar na ɗauka da yawa ne. Sai ƙanena ya fara ƙirgawa, jarka biyu ta ruwa mai lita 25 kilo 50 kenan tunda kowace lita kilo ɗaya ce, ga tukunyar gas, ga katifa, ga tukwane da buhun shinkafa, ga kayan yara, kafin ka ce kwabo rabi ya tafi ba mu ma zo kan wuta ba.

Maganar wutar ita ta cinye mana yamma. Bayan azahar muka ci shinkafa da wake a nan wurin wata mai abinci sannan muka shiga gari wajen masu sayar da kayan sola. Ni da niyyata in sa ƙaramin AC, wlh har na gama hango kaina kwance cikin sanyi a tsakiyar daji. Ƙanena ya karɓi biro ya ce "Yaya bari in nuna maka wani abu." Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in lithiyom ne yana ɗaukar wajen wat-awa 1,280, wato wutar da za ta riƙe kayan wat 1,280 na awa ɗaya. AC mafi ƙanƙanta mai doki ɗaya yana shan wat 750 ko sama da haka. Ya ce raba ka gani. Ko awa biyu ba zai kai ba batir ya mutu murus. Na yi shiru. Ya ce haka ma butar lantarki da dutsen guga, duk abinda aikinsa zafafawa ne a manta da shi, a dafa ruwa da gas.

Sai muka jera abinda dole ne. Firiji ƙarami mai aiki da bolt 12 kai tsaye, wat 45, kuma ba kullum injinsa ke juyawa ba, a zafinmu ka ce rabin yini yana aiki, wat-awa 540 kenan. Fanka biyu 'yan wat 15 na awa takwas da dare, 240. Ƙwan fitila huɗu 'yan wat 3, awa biyar, 60. Cajin wayoyi da kwamfuta ya sa 150. Duka ya tashi kusan 1,000 a rana. Kaga batir ɗaya zai kai mu kwana ɗaya da ɗan ƙari ko rana ba ta fito ba sam. Farantin sola kuma ya ce biyu 'yan wat 200 a saman rufi, in aka samu awa biyar na rana mai ƙarfi, a cire asarar zafi da waya da ƙura, za a samu wajen 1,400, ya ishe mu da ɗan rara. Amma fa a irin hazon yau ko cikin watan Agusta da hadari ke wuni a sama abin zai ragu sosai, shiyasa ya dage sai an sa na'urar da za ta ringa cajin batirin daga mota in muna tafiya, kuma kwanturola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, ya zama irin da ake kira MPPT ba PWM ba dan ya fi tatsar faranti. Da tsumma, wai kullum da safe in goge farantan, ƙurar hunturu ba ta da mutunci.

Mai shagon ya so ya tura min batirin ruwa irin dogon nan da ake sa wa inbata a gida, wai ya fi araha kuma amfiya 200 ne. Arahar kam gaskiya ne, dan da ya faɗi kuɗin lithiyom sai da na nemi kujera. Amma na gwada ɗaga shi ni da yaron shago muka ji a jikinmu, ya haura kilo 60, ga shi rabinsa kawai ake so ka sha in kana so ya daɗe, ga ruwan batir da zai ringa fantsama a ramukan hanya a ƙarƙashin inda za mu kwanta. Na lithiyom ɗin da hannu ɗaya na ɗaga shi, kilo 12 ko 13. Da aka yi lissafi wutar da za ka iya amfani da ita a cikinsu kusan ɗaya ce. Na ce masa "Oga ka yi haƙuri, sai na tara." Bai ji daɗi ba amma ya ba ni lamba.

Janareto kam tun a mota muka yanke ba za a sa ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ko na gida da ƙyar nake tayarwa, ga ƙara a wurin da ka je dan ka huta, uwa uba hayaƙinsa, mun sha jin iyalai sun kwanta da shi kusa da ɗaki ba su tashi ba, balle ɗan akwatin da bai wuce faɗin katifa ba. Ko gas ɗin ma a waje zai zauna, girki a waje. Ƙanena ya kuma ce kar in yarda a haɗa waya ba fis kusa da kan batir, dan lithiyom in waya ta haɗu ba wasa yake ba.

Wani abu da na kasa faɗa wa dattijon nan shi ne, ni kaina na san ba ko'ina zan kai ta ba. Da ƙuruciya na so ganin dajin Kamuku, amma yanzu wa zai kwana a daji ta ɓangaren Birnin Gwari da iyali. Inda nake tunani Yankari ne cikin sansanin da ke da ma'aikata, sai gonar kawu lokacin girbi inda kowa ya san mu, wataƙila wata rana Mambila in motar ta yarda da hawan nan, duk da ina shakka.

Na dawo gida gab da magariba na tarar an ɗauke wuta. Ƙanena ya aro min batir da ɗan firijinsa in gwada kwana ɗaya in ga ko lissafin zai yi daidai, na haɗa su a tsakar gida na cika shi da ruwan leda da zoɓo, mita ta nuna bolt 13.3 da ƙarfe bakwai da rabi, na rubuta a bango da gawayi. Uwargida ta fito da fitilar waya ta duba zanen da dattijon ya yi min a bayan kwali, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, sai ta ce "Toh Baban yara, ina banɗakin?" Wlh duk wunin nan mu uku ba wanda ya tuna. Gobe bayan na duba mitar zan kira shi in ji ko akwai inda za a rataya ɗan tanti da bokiti a gefe, da kilo nawa zai ƙara.