Talata, a hanyar Binghamton

Da asuba muka yi lodi a Bronx, cikin birnin New York na Amurka. Kujeru ne da gadaje za mu kai wasu gidaje a wajen Binghamton, can ƙuryar jihar New York, dab da iyakar Pennsylvania. Ni ne a kan sitiyari, Alhaji mutumin Kumasi yana gefen taga rungume da fulas ɗin shayinsa, a tsakiyarmu kuma sabon yaron da aka haɗa mu da shi, haifaffen Brooklyn, wanda a wurinsa duniya ta ƙare a tashar ƙarshe ta jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Muna hawa titi mai lamba 17, muka fara kutsawa duwatsun Catskill, sai tashoshin rediyon birni suka shaƙe. Na murɗa, kiɗan kantiri, wato waƙoƙin mutanen karkarar Amurka. Na ƙara murɗawa, wa'azin coci. Na ƙara, kantiri dai. Yaron ya ja tsaki ya ce ko mun yi ɓatan kai mun faɗo jihar Alabama ta can Kudu ne? Ya toshe hanci yana kwaikwayon muryar mawaƙin, yana jero abin da ya ce su kenan waƙoƙin: a-kori-kura, giya, bindiga, kare, da matar da ta yi yaji. Alhaji ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ni dai na nuna masa motocin da ke wuce mu, kowace da lambar New York a bayanta.

Da na kai hannu zan kashe, Alhaji ya ce da Hausa, "A'a ƙanena, bar mana shi." Daga nan labari ya ɓarke. Wai a zangonsu lokacin yana yaro, akwai mai aski da ba ya buɗe shago sai da faifan Jim Reeves, mawaƙin kantirin nan da ya rasu a haɗarin jirgin sama tun 1964 amma muryarsa ta ƙi barin Gana. Direbobin Kumasi zuwa Tamale kuwa kaset ɗin Don Williams ne abokin tafiyarsu. Na ce Alhaji ai mu ma haka, a Jos mahaifina yana da su cike da akwatin mota. Da muka fassara wa yaron, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya yana jiran mu ce wasa muke. Na gaya masa Don Williams har Harare ya je ya yi wasa a 1997. Ya tambaya me muke ji a ciki. Alhaji ya ce Turancin a fili yake, ba gaggawa, kuma zancen uwa ne da gona da bashi da mutuwa da komawa ga Allah, to wane ne bai san waɗannan ba?

Ni abin da na fahimta bayan yawon da na sha a titunan ƙasar nan, rabon masu son kiɗan nan da masu raina shi ba na Kudu da Arewa ba ne kamar yadda ake faɗa. Na birni da ƙauye ne. Ka fita daga kowane babban birni ka yi tafiyar da za ka fara ganin rumbunan masara da shanu, kiɗan nan zai tarye ka, ko a Minnesota kake ko a Oregon. Tarihinsa ma bai goyi bayan masu zolayar ba. Kowa Nashville ya sani, cibiyar kiɗan a Kudu, inda aka fara shahararren shirin rediyon nan na Grand Ole Opry a 1925, amma gidan rediyon WLS na Chicago ya riga su da irin wannan shiri tun 1924, kuma manoman tsakiyar ƙasar ne masu saurarensa. A Kalifoniya akwai Bakersfield, garin mai da gonaki, inda waɗanda fari da guguwar ƙura suka koro daga Oklahoma da Texas a shekarun 1930 suka sauka da kiɗansu. Can aka haifi mawaƙin kantiri Merle Haggard a 1937, iyayensa ma daga Oklahoma suka yi ƙaura a shekarun nan. Mawaƙiyar kantiri Shania Twain 'yar Kanada ce. Kai, a cikin birnin da yaron nan yake taƙama da shi, mawaƙin kantiri Garth Brooks ya tara dubun dubatan mutane a Central Park a 1997. Ba daga Alabama aka yi jigilarsu ba.

Gida na biyu da muka sauke kaya na wata dattijuwa ce, a ƙarshen wata hanyar burji. Da can madarar shanu suke yi, yanzu garken babu kowa sai tsohuwar tarakta da tayarta ta sace. A kicin wata 'yar rediyo mai eriya, an ɗaure murfin batir ɗinta da salatef, tana ta rera kantiri a hankali. Ta ba mu kofi da biskit ɗin da ta gasa. Da ta ji daga Bronx muke, ta ce jikokinta na birni idan sun zo hutu sai su riƙa tambayarta ko tana da intanet, suna dariyar yadda take magana. Ta faɗa tana murmushi, amma ba murmushin jin daɗi ba ne. Yaron nan sai ya duƙufa kan ɗaure ƙafar gado, bai ɗago ba har muka gama.

A nan ne nake ganin bambancinsa da tsokanar da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi. Mu kowa yana ramawa, a yi dariya a watse. Wannan daga sama take gangarowa, ɗan birni ne yake auna wayewar mutum da abin da ke fita daga rediyonsa, shi kuwa ɗan ƙauyen yana haɗiyewa yana ajiyewa, sai ranar zaɓe ya fito da ita.

Sai dai ba zan rubuta rabi in bar rabi ba. A hanyar dawowa mun wuce wani gida da aka rataya tutar 'yan tawayen Kudu na yaƙin basasa a jikin rumbu, a jihar da ta tura 'ya'yanta suka yaƙi wannan tutar. Yaron, wanda baƙar fata ne kamarmu, ya nuna ta da haɓa ya ce, "Kun gani?" Ba mu da amsa. Ƙyamar tasa ba daga iska ta faɗo ba, kuma Charley Pride da ya yi suna a kiɗan nan yana baƙar fata ya daɗe kusan shi kaɗai a fagen.

Alhaji ne ya kawar da shirun. Aka sa wata waƙa mai banjo, ya ce shi dai wannan molo yake ji. Na ce bai yi nisa da gaskiya ba, domin bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa banjo da ƙwarya da fata. Na kuma tuna wa yaron Shaboozey, ɗan Virginia da iyayensa 'yan Najeriya ne, wanda waƙarsa ta yi mako 19 a saman jadawalin waƙoƙi na Billboard a 2024. Ya ce ya san ta mana, har yana rawarta, amma ai wannan ba kantiri ba ce. Na ce to mece ce? Ya ce waƙa ce kawai mai daɗi.

Mun iso bayan magariba, bayana kamar zai ɓalle. A wurin ajiye mota na ba mai kula da sito labarin yau, shi ɗan Atlanta ne. Tun kafin in kai ƙarshe ya ɗaga hannu. Ya ce tun da ya zo New York ake tambayarsa ina hular kaboyinsa, shi da ya tashi a garin da ke juya kiɗan rap na ƙasar nan, kuma a gaya wa yaron cewa kiɗan jaz daga New Orleans ya fito, Memphis kuma gidan kiɗan bulus ce, duk a Kudun da yake rainawa. Sannan ya miƙo mini takardar gobe: firji huɗu, New Jersey, ƙarfe shida.