Yadda na ceto kwamfutar ƙanwata da ta maƙale a gyaran kai

A watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke kaiwa maƙura kuma wuta ke yawan ɗaukewa, ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta kawo mini kwamfutarta hankali a tashe. Batirin ya daɗe da mutuwa, saboda haka da aka ɗauke wuta ana tsaka da sabunta Windows 10, sai na'urar ta mutu nan take. Tun daga ranar, duk sa'ad da aka kunna ta sai ta rubuta «Préparation de la réparation automatique», wato tana shirin gyara kanta, ta ɗan yi jim, ta kashe kanta, sannan ta tashi ta sake komawa gidan jiya. Kundin kammala karatunta yana ciki, kuma ba ta da kwafinsa a ko'ina.

Wani mai gyara ya riga ya ce mata babu mafita sai a goge komai a zuba sabon Windows. A ganina wannan gaggawa ce, domin Windows yakan shiga wannan gyara da kansa ne idan ya kasa tashi sau biyu a jere, kuma sau da yawa takardun mutum suna nan lafiya, fayilolin tashi ne kawai suka lalace.

Ban fara da gyara ba, na fara da ceton kundin. Daga shuɗin allon da ya bayyana na shiga «Dépannage», sai «Options avancées», sai «Invite de commandes», wato tagar rubuta umarni, na rubuta notepad. Dabarar ita ce, tagar buɗe fayil ta wannan ƙaramar manhaja tana nuna dukan abin da ke cikin faifan idan aka zaɓi «Tous les fichiers», don haka na kwafe kundin da hotunanta zuwa filas ɗaya bayan ɗaya. Na dage a kan wannan ne saboda binciken faifai aiki ne mai nauyi, kuma idan faifan yana kan gargara, yana iya ƙarasa shi. A nan kuma na lura cewa faifan da aka saba gani a matsayin C ya koma D, abin da yakan ruɗa mutane su yi ta ba da umarni a inda babu Windows.

Daga nan na rubuta umarnin binciken faifan, chkdsk D: /f /r, wanda ya ci kusan awa biyu ina addu'ar kada wuta ta sake tafiya. Ya gyara kurakurai, amma kewayen bai tsaya ba. Abin da ya warware matsalar shi ne «Désinstaller des mises à jour», inda na cire sabuntawar ƙarshe da ta tsaya rabi da rabi, sai kwamfutar ta tashi kamar babu abin da ya same ta.

Da ta ga kundinta ya buɗe, sai ta ce, «Yaya, nawa ne kuɗin gyara?» Na ce mata ta riƙe kuɗinta ta sayi sabon batiri, kuma ban bar ta ta fita ba sai da ta tura wa kanta kundin ta imel a gabana.