Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Shekarar da na ƙi tambaya

Makon jiya na tsaya a inda jirgi ya sauke ni a Alƙahira. Na so in tsallaka zuwa shekarar ƙarshe, amma zuciyata ta ƙi, domin wannan shekara ta farko ita ce Kawu yake kafa hujja da ita a kaina har yau.

Daren da zan tafi Baba ya kira ni ɗakinsa. Na zaci doguwar nasiha zai yi mini. Abin da ya ce kawai shi ne: "Matambayi ba ya ɓata. Ka riƙe wannan." Na ce, "To, Baba." A raina kuwa ina ganin maganar ba tawa ba ce. Na sha nahawu da sarfu, duk tsarata babu mai kama ƙafata a Larabci, to me zan tambaya a ƙasar Larabawa?

Kwana uku da sauka na gane Larabcin littafi daban, na titin Masar daban. Harafin jim sun mayar da shi "g", ƙaf kuma sun haɗiye shi, ƙalam ya koma "alam". Inda na san "aina", wato "ina", su "fen" suke cewa. Mu shida muka kama gida a Hayyul Ashir, can ƙarshen Madinat Nasr, unguwar da ɗalibai baƙi suka yi yawa, daga Afirka da Indonesiya da Malesiya. Kowace safiya, Lahadi zuwa Alhamis, ƙaramar bas nake shiga. Ba ta da kwandasta, kuɗin mota hannu da hannu ake miƙa shi daga baya har ya isa wurin direba, canji ma haka yake dawowa. In za ka sauka sai ka ɗaga murya ka ce "ala gamb ya usɗa". Ban san wannan ba, kuma na ƙi tambaya. Sau biyu mota tana wucewa da ni nesa, ina dawowa a ƙafa, abokan zamana suna ciki sun sani, ni kuma girman kai ya kulle mini baki.

A aji ne abin ya fi ciwo. Malami zai karanta nassi da Larabcin da na sani, in ji daɗi, da ya fara sharhi sai ya juya zuwa ammiyya, wato Larabcin titi, a nan kuma naman darasin yake. Ɗalibai ɗaruruwa a ɗaki ɗaya, ana dariya tare, ana rubutu tare, ni ina riƙe da biro. Wani ɗan Indonesiya da muke zama benci ɗaya yana da ƙaramin littafi, duk kalmar da ta wuce shi sai ya rubuta, bayan darasi ya tare ɗan ƙasa ya tambaye shi. Har bawwab ɗin gidanmu, mai gadin ƙofa, malaminsa ne. Na ga abin da yake yi, na ce wannan na masu farawa ne.

Shi wannan yaron, bari in faɗa tun yanzu kada in manta, shi ne ya raka ni baje kolin littattafai a 2019, shekarar da aka ɗauke baje kolin daga Madinat Nasr zuwa unguwar Tajammu'ul Khamis. Ranar ni nake yi masa ciniki da ammiyya, mai shago yana tambayata ko a Masar aka haife ni. Kawu bai taɓa jin wannan ba, don bai taɓa tambaya ba.

Jarrabawar zangon farko a Janairu ake yi, tsakiyar sanyi. Babu wanda ya gaya mini Alƙahira tana da irin wannan sanyin, gidajen kuma siminti ne da tayil, dare ya yi sai ka ji kamar a cikin randa kake. Ga batun iƙama, takardar izinin zama. Na yi sammako zuwa ofishin nan ya fi sau biyar, in bi layi har azahar a ce mini "bukra", gobe ke nan. Ashe takarda ɗaya ce daga jami'a ba ta da hatimi, kuma ma'aikacin ya faɗa mini tun ranar farko, ni ne ban gane ba na gyaɗa kai. Duk ranar da na je can darasi ya wuce ni. Da sakamakon ƙarshen shekara ya fito, darussan da na faɗi sun wuce adadin da ake barin mutum ya ɗauka zuwa gaba. Aka rubuta "rasib". Sai maimaici.

Na kira Baba na faɗa masa da bakina. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka tambaya kuwa?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To." Bai ƙara komai ba.

Kawu ne ya ɗauki zancen ya zaga dangi da shi. Wai yawo na je yi, wai an ga hotona a bakin kogin Nilu. Hoton gaskiya ne, ranar Juma'a ce, babu karatu, a kan gadar Ƙasrun Nil aka ɗauke shi, kuma shi kaɗai na yi a shekarar. Ya ce da ɗansa aka tura da tuni an ga amfani. Inna ta yi wata biyu ba ta shiga taron dangi. Wannan ne ban yafe ba tukuna. Faɗuwa tawa ce, na karɓa, amma me Inna ta yi? Kawu, na san ana karanta maka abin da nake rubutawa. Ko sau ɗaya ba ka ɗaga waya ka ce, ɗana, me ya faru ba. Kai ma ka ji Baba yana faɗin wannan magana tun kuna yara.

Hutun bazarar ban koma gida ba. Na sayi ƙaramin littafi irin na abokina. Da safe in zauna wurin bawwab, da rana in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1987, in tafi Helwan in dawo, kunnena a kan hirar mutane. Wani lokaci in sauka a Ataba, in shiga kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya in yi ta tambayar masu sayarwa, ko ba zan saya ba. Da la'asar in ƙarasa masallacin Azhar, wanda ya haura shekara dubu, in zauna a halƙar karatu, in an tashi in bi ɗalibi ɗan ƙasa da tambaya har ya gaji. Birni mai mutum fiye da miliyan 20, ban taɓa tsayar da wani ya ƙi ba ni amsa ba. Wani dattijo a tashar Shuhada ya bar nasa jirgin ya wuce, ya riƙe hannuna har bakin layin da nake nema.

Shekaru biyun da suka biyo baya babu abin faɗa a cikinsu, karatu ne kawai. Littafin yana nan a akwatina, ya cika har bangonsa. Shafin farko kalma ɗaya ce, "fen", da kwanan watan da na rubuta ta, mako ɗaya bayan wayar da na yi da Baba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda saƙon rashin lafiyarsa ya same ni ana saura kwana huɗu jarrabawa.