Wasiƙa daga Jamus: A Saurari Ƙarar Kafin a Sauke Injin

Assalamu alaikum 'yan uwana na Ringim da ƙauyukan da ke kewaye da ita, musamman masu motocin gas da ke jigilar riɗi da gero zuwa kasuwar Dawanau. Ina rubuto muku ne daga birnin Augsburg na ƙasar Jamus, inda nake aiki a wani garejin gyaran motoci, kuma a wannan birnin ne Rudolf Diesel ya kammala injinsa na farko da ya yi aiki yadda ake so a shekarar 1897, injin da jikokinsa ke ɗauke da amfanin gonarku a yau.

Makonni uku da suka wuce, ana tsakiyar hunturu, ƙanena ya aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp. Ya kara wayar kusa da injin tsohuwar Hilux ɗinsa, sai na ji wani ƙwas-ƙwas-ƙwas mai kaifi, kamar ana dukan ƙarfe da ƙaramar guduma. Bayan nan muryarsa ta biyo, a sanyaye: "Yaya, Oga ya ce metal ne ya tafi, sai an sauke inji an kai karanshaf Kano, a kuma sayo kaya a Ƙofar Ruwa." Metal shi ne siririn ƙarfen da karanshaf, wato babbar sandar da ke ƙasan inji, ke juyawa a kansa. Kuɗin da aka yanka masa ya kusa lashe ribar kakar bana gaba ɗaya. Da na tambaye shi irin binciken da aka yi, sai ya ce bakaniken ko sifana bai ɗauko ba. Ya ɗaga murfin mota, ya saurara, ya girgiza kai, ya yanke hukunci. Daga nan hankalina ya ƙi kwanciya.

Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi kamar na fetur. Fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, ne ke matse iska, a irin wannan tsohon injin fiye da ninki 20, har zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Idan man ya yi jinkirin kamawa, ko don injin ya kwana cikin sanyi, ko don hitar da ke ɗumama silinda kafin a tayar ta mutu, ko don nozul yana ɗiga maimakon ya yi feshi mai laushi, sai ya taru ya fashe a lokaci guda, kuma wannan fashewar ce kunne ke ji kamar bugun guduma. Saboda haka injin da babu abin da ya karye a cikinsa yana iya yin ƙarar da za ta tsinka zuciyar mai shi.

Ƙarar metal dabam take. Daga ƙasa take fitowa, mai nauyi ce kamar dakan turmi daga bayan katanga, kuma tana ƙaruwa ne idan injin ya yi zafi, baƙin mai ya tsinke, ko an ɗora wa motar kaya tana hawan tudu. Sau da yawa za a ga fitilar baƙin mai tana ƙiftawa idan motar na tsaye a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba. Na tambayi ƙanena waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, sai amsoshinsa suka zo akasin haka: ƙarar ta fi tsanani da asuba, tana raguwa bayan tafiyar minti goma, fitilar mai na mutuwa da zarar an tayar, kuma salansa na fitar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas. Da na matsa masa, ya amsa cewa a satin da abin ya fara ya sha man jarka a bakin hanya. Wannan man, idan an gauraya shi da kananzir ko ruwa ya shige shi, shi ne babban maƙiyin nozul da famfon injekta, domin da santsin man gas ɗin kansa suke aiki.

Duk da haka ban ce masa bakanike ya yi kuskure ba, domin ƙarar da aka ɗauka a waya ba ta isa hujja ba, kuma ni ma da na yanke hukunci da ita, da na aikata abin da nake ƙorafi a kansa. Abin da na ce shi ne ya koma cikin ladabi ya roƙi a yi gwajin da ba ya cin ko kwabo. A fara tsiyayo baƙin mai a roba mai tsabta a duba shi a rana, domin metal da ya cinye yana barin ɓurɓushi mai ƙyalli. A ɗora bakin dogon sukudireba a jikin injin, a kara ƙotarsa a kunne, a ji ko bugun daga sama yake ko daga ƙasa. Sannan, injin na silo, a sassauta bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya, a lura da silindar da ƙarar ke ɗaukewa a kanta.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, alhali aikin bai ƙare ba. Idan aka yanke wa silinda mai, ƙarar nozul za ta ɗauke, amma ƙarar metal ma tana raguwa, tunda an sauke wa fistin nauyi. Gwajin ya nuna ɗakin da ɓarawo yake ne kawai, bai nuna fuskarsa ba. Abin da ke raba gardama shi ne a musanya wannan nozul ɗin da na wata silindar: idan ƙarar ta bi shi, laifinsa ne, idan kuma ta zauna inda take, to maganar bakanike ta fara yin nauyi.

Ina roƙonku da girman Allah, kada a yi wannan sassauta bututun a kan sababbin injuna irin masu rubutun D-4D. Tsohon nozul yana buɗewa ne a matsin da bai wuce kimanin bar 150 ba (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), amma a waɗannan matsin ya haura bar 1,000, kuma feshin na iya huda fatar hannu ya shiga tsoka. Su sai da na'urar kwamfuta ake bincikarsu. Ko a tsohon injin ma a rufe wurin da tsumma, a kawar da fuska.

Na san nauyin da ke kan ɗan ƙauye idan zai tambayi mai sana'a, musamman wanda ya girme shi kuma suke haɗuwa a masallaci. Na kuma san cewa bakanikenmu da yawa sun koyi aiki da kunne ne tun suna yara, ba tare da kayan awo ba, kuma kunnen nasu na da daraja. Amma injin da aka buɗe a fili, ƙurar hunturu na sauka a kansa, aka kuma zuba masa kayan da ba a san ingancinsu ba, da wuya ya koma yadda yake. Wanda zai biya wannan kuɗin yana da haƙƙin ya ce, "Oga, don Allah a nuna mini."

Ƙanena ya faɗi hakan, kuma bakaniken, Allah Ya saka masa da alheri, bai ɗauki abin da zafi ba. Man ya fito babu ƙyalli. Ƙarar ta ɗauke a silinda ta uku, da aka mayar da nozul ɗin zuwa silinda ta ɗaya sai ta bi shi can. An kai duka huɗun Kano wurin masu gwajin injekta, aka tarar na ukun yana zubar da mai kamar bakin buta, aka sauya masa baki, aka wanke tanki, aka sa sabuwar filtar gas. Shekaranjiya ya kai buhu goma sha biyar Dawanau ya dawo lafiya.

Ku gaishe mini da mutanen gida, manya da yara. Wassalam.