Man da ya yi barci

Sanyin yau ya fi na jiya. Da na fito alwalar asuba ruwan buta kamar ƙanƙara. Na shiga madafi zan soya wa yara ƙwai, ina ɗaga kwalbar man gyaɗan da na sayo ranar Lahadi sai na ga rabinsa ya yi fari, ya yi barci a ƙasa.

Inna na kan tabarma da carbinta. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "An haɗa miki. Na gyaɗa zalla ba ya barci haka."

Na ce, "Inna, wallahi abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan satin nan."

"To koya mini."

Sai na jawo tsintsiya. Na ce mata kowane mai, na shanu ne ko na gyaɗa ko kitsen rago, ƙwayarsa kai ɗaya ce mai jela uku, kowace jela sarƙar ƙwayoyin sinadarin kabon ce, masu riƙe da na wani sinadari, haidurojin. Idan kabon ɗin duk sun ƙoshi da haidurojin, jelar miƙewa take sambal kamar tsinken tsintsiya, su kwanta jikin juna tsam, mai ya daskare. Idan kuwa akwai inda kabon biyu suka riƙe juna da hannu biyu, sai jelar ta tanƙware kamar lauje. A tara lauje goma a ga ko za su ɗauru kamar tsintsiya. Asid ɗin stiyarik da na oleyik, wato irin jelolin nan biyu, miƙaƙƙiya da tanƙwararriya, duk kabon 18 gare su, amma na farko sai zafi ya kai digiri 69 na Salshiyas yake narkewa, na biyun tun wajen digiri 13, saboda tanƙwara ɗaya tak. Wannan abu har yau yana ba ni mamaki. Man kaɗe cike yake da stiyarik, shi ya sa sai an murza shi a tafin hannu. Na gyaɗa oleyik ya fi yawa. Manja kuwa kusan rabinsa miƙaƙƙu ne, ko an tace shi an cire masa ja, sanyi na tona shi.

Inna ta ce, "Ashe tsintsiya ce a cikin man shanuna." Ta fahimta sarai, na ji daɗi har raina.

Makaranta ba labari. Takardun gwaji arba'in, na duba sha biyu. Auta na tari.

Amma tun azahar raina yake a jagule. Shekara shida nake sayen mai wurin baiwar Allahn nan, har bashi take ba ni idan albashi ya yi jinkiri. Zuciyata ta ƙi yarda ita ta haɗa. Na san ta daina matsa da kanta tun da gyaɗa ta yi tsada, jarka take sara yanzu. Abban yara ya ce in canza wuri kawai, ba sai an yi magana ba. Na kasa. Na ajiye kwalbar a bakin taga, gobe in sha Allahu da sassafe zan kai mata ta gani da idonta, kafin rana ta tashe shi.