Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tukwanen Tagar Kicin

Makon jiya na tsaya a ranar da aka tura ni gidan wata tsohuwa a Bradford, cikin hunturun 2022, ina wata na uku da fara aikin kula da tsofaffi a Ingila. Ta yi mako bakwai a asibiti bayan ta karye a ƙugu. Aikina wanka ne da magani da abinci. Shuka ba ta cikin takardar aikina, amma ga tukwane biyar jere a tagar kicin duk sun yi yaushi, ni kuwa 'yar manomi ce daga Giwa, ba na ganin shuka da ƙishi in wuce.

Sai na yi abin da na sani. Kullum da safe in cika kofi in bi su ɗaya bayan ɗaya, har ina yaba wa kaina. Ban lura ba cewa a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ƙasar tukunya ba ta samun bushewa.

Bayan mako biyu, wata mai dogayen ganye kamar takobi ta kife, gindinta ya yi luguf yana wari. Ran nan ina waya da Inna ta bidiyo na haska mata.

"Ke 'yar nan, wannan ai moɗa ce! Ita kike ɗura wa ruwa kullum? Abin da ke fitowa a gindin suri, ya yi rani guda ba wanda ya kula shi?"

Kunya ta kama ni. Ashe 'yar'uwar moɗarmu ce da ake tsarkiyar baka da zarenta, asalinta ma Afirka ta Yamma. Turawa suna ce mata harshen suruka, su ma dai ba su bar surukai sun huta ba. Na yanke ganyen da bai ruɓe ba, na bar bakin yankan ya bushe, na dasa a ƙasa mai yashi.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta ƙarshen layi: ganye uku masu kauri, sun yamutse kamar tsohuwar fata, da busasshen kara guda. Ita ce okid, wata shukar fure, irin da ake kira Phalaenopsis, mijin tsohuwar ne ya saya mata kafin ya rasu. Da na faɗa mata abin da na aikata ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi in shimfiɗa jarida a tebur in zazzage tukunyar a gabanta.

Babu ƙasa ko kaɗan a ciki, sai gutsattsarin ɓawon itace. Ta ce a dazukan Indonesiya da Filifin a jikin bishiya take rayuwa, saiwarta a waje tana shan iska. Na ce, "Kauci ke nan." Na kwatanta mata shi, ta girgiza kai: kauci tsotsar bishiya yake yi, wannan kuwa maƙalewa kawai take. Yamutsewar da na ɗauka ƙishi ne, ƙishin ne kuwa, amma don saiwar ta ruɓe, ba bakin shan ruwan.

Na goge almakashi da barasar tsaftace hannu, na riƙa matsa saiwar ɗaya ɗaya. Wadda ta yi baƙi, ka matsa ta ta zame ta bar zare, a yanke. Guda biyu kacal suka rage masu tauri. Muka sa sabon ɓawo a tukunyar roba mai nuna ciki, muka ɗauke ta daga saman hitar ɗumama ɗaki.

Tsohuwar ta ce, "Kalli saiwar, 'yata, kar ki kalli kalanda. In ta yi fari kamar azurfa, jiƙa ta minti goma ki tsane. In tana kore, ƙyale ta."

Ta kuma hana ni barin ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye, nan ruɓa ke farawa.

A watan Afrilu wani ɗan tsiro ya leƙo. Na shiga falo da gudu na ce fure zai fito. Ta sa tabarau ta duba, ta ce saiwa ce: bakin saiwa a mulmule yake, na karan fure kuwa a baje. A wannan makon ne ɗanta ya zo daga Landan da takardun gidan tsofaffi a hannu. Mu haɗu mako mai zuwa.